Dympna da Lasin Jar Karya

Yayata Dympna Scally ta yi shekara talatin da shida a bayan kantar gidan waya na ƙauyenmu, Ballinrath, a tsakiyar Ireland, tana sayar da kan sarki, tana biyan tsofaffi fansho, tana yanka wa mutane lasin kare. A duk shekarun nan babu wasiƙar da ta shigo daga Amurka ko Ingila ko Ostareliya da ba ta bi ta hannunta ba. Ba ta taɓa buɗe ta kowa ba, Allah shaida, amma ta san gidan da ake rubuto wa, ta san gidan da aka daina. Ta san tsohuwar da ke zuwa duk Juma'a wai sayen kan sarki guda, alhali so take a ce mata ɗanta ya rubuto. Ni ce ƙanwarta, Concepta, ni ce kuma direbarta, domin Dympna ta iya karanta rubutun Fadan cocin da ya mutu shekara ɗari da hamsin da suka wuce, amma har yau ba ta san birki ba balle totur.

Da ta yi ritaya na ɗauka za mu huta. Ina! Sati uku ta yi tana zaune tana leƙen titi, sai ga wani Ba'amurke ya tsaya a bakin coci yana tambayar inda kakan kakansa ya fito. Dympna ta ja shi gidan Fada, suka buɗe littafin baftisma, kafin yamma ga mutumin nan ƙato guda tsaye a gaban wani rusasshen bango yana kuka wiwi. Tun daga ranar yayata ba ta sake zama ba. Tun rasuwar mijina gida ɗaya muke da ita, ina ji ina gani falonmu ya cika da gwangwanayen biskit, kowanne maƙare da katuna, kowane kati da sunan wani da ya hau jirgin ruwa bai dawo ba. Ta san duk maƙabartun yankin nan. Takan durƙusa ta goga ɗanyar ciyawa a kan dutsen kabari har rubutun ya fito, ni kuwa ina tsaye a kanta da lema ina tsaki. Ko sisi ba ta karɓa.

Doka ɗaya gare ta. A ƙasar nan kango ba ya wuya, duk inda ka juya akwai gidan da masu shi suka tafi. Akwai masu wannan aiki da za su kai baƙo kowane kango mai kyan gani, ya yi kukansa, ya ɗauki hoto, ya koma gida da murna. Dympna ba ta kai mutum ƙofa sai ta tabbata ƙofarsu ce.

Wasiƙar Catalina Seery ta zo a watan Nuwamba, daga Ajantina. Ba mu yi mamaki ba, don samarin yankinmu da yawa can suka tafi kiwon tumaki a zamanin kakanni. Ta ce shekararta tamanin. Kakanta Owen Seery ya bar Ballinrath a 1874 yana ɗan ashirin da ɗaya, bai taɓa rubuto wa kowa ba har ya mutu tana 'yar shekara bakwai. Abu ɗaya take so kafin ta bi shi, ta tsaya a ƙofar da ya fita.

Dympna ta nufi gidan Fada da sassafe. Ko awa biyu ba a yi ba ta dawo a guje, hula a karkace.

"Cepta! Na same shi! Owen Seery, an yi masa baftisma a 1853. Ga shi nan ɓaro-ɓaro!"

"Yaya, zauna ki sha shayi tukuna."

"Shayin me? Miƙo min takarda."

A ranar ta rubuta wa matar cewa ta zo, an gano gidansu. Ita da kullum take ce wa mutane a duba sau uku, zumuɗi ya ɗebe ta. Ta buɗe littafin daidai shekarar da ta lissafa, ta ga sunan, ta rufe.

Saura kwana goma matar ta sauka, cikin watan Mayu, Dympna ta koma don ta kwafo shafin da kyakkyawan rubutu. Nan ta juya baya kaɗan, ta juya gaba kaɗan. Owen Seery, 1851. Owen Seery, 1852. Owen Seery, 1854. A wajenmu ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba yake ci. Wani tsoho Owen Seery ya haifi maza huɗu, kowannensu kuma ya yi abin da ya kamata, sai ga Owen huɗu a unguwanni huɗu, duk cikin tafiyar mil uku. Mutanen da ba su damu da ƙirga shekaru daidai ba, saboda haka kowanne zai iya zama shi. Ɗaya ta cire, don yana kwance a maƙabartarmu kusa da matarsa. Sauran ukun duk sun ɓace daga takardu a 'yan shekarun nan guda. Takardun ƙidaya da za su raba gardama kuwa sun ƙone a gobarar Dublin tun 1922.

Ban taɓa ganin yayata ta karaya haka ba. Na ce ta rubuta wa matar kada ta zo. Ta ce an riga an yanki tikiti, kuma da ƙyar likita ya yarda, ya ce daga wannan babu wata doguwar tafiya.

Ranar Litinin muka tarye ta a filin jirgi, 'yar ƙaramar tsohuwa da sanda da jar riga mai kauri. Da ta buɗe baki a cikin mota na kusa sakin sitiyari. Matar da ba ta taɓa taka ƙasar nan ba tana magana sak kakarmu da ta rasu ina makarantar firamare, har da yadda take jan ƙarshen magana. Ashe haka suka adana harshen a can, a tsakiyar tumaki, ba su bari ya canja ba.

Ko fita daga wurin ajiye motoci ba mu yi ba Dympna ta juya ta faɗa mata gaskiya duka.

"Uku?" in ji Catalina. Sai ta ƙyalƙyale da dariya. "To 'yar nan, Juma'a da safe jirgina zai tashi. Kwana uku gare ki, kowane Owen da ranarsa."

A teburin cin abinci Dympna ta fara da dabarar da ba ta taɓa ba ta kunya ba.

"Mama, yaya sunan ɗan farin kakanki? Shi ne sunan uban Owen, daga nan mun gama."

"Santiago."

"Wa?"

"Sunan mutumin da ya yi wa kiwo ne. Kakana ya rantse ba zai sa wa ɗa sunan ubansa ba. Shi ne babba, amma uban ya tsallake shi ya ba ƙanensa gona."

"To ƙanen fa? Yaya sunansa?"

"Ba a faɗar sunansa a gidanmu. 'Wancan' muke cewa. Har yau in yaro ya yi mugunta sai a ce ya ɗauko halin wancan."

Talata muka yini a maƙabartu, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Laraba muka bi rajistar tsohuwar makaranta da littattafan filaye. Babu. Da yamma na ga Catalina ta cire takalmi a hankali, ƙafafunta sun kumbura suntum. Tausayi ya kama ni, na ja yayata ɗakin girki na rufe ƙofa.

"Yaya, saurara. Kangon nan na bakin tafki yana cikin ukun, ko ba haka ba? Ga ruwa, ga furanni. Mu kai ta gobe ta yi kukanta, ta hau jirgi da farin ciki. Wa zai sani?"

"Ni."

"Ɗaya cikin uku ne fa. Ta yiwu ma shi ne."

"Ta yiwu. Matar nan ta tsallako teku da sanda don ta tsaya a ƙofar 'ta yiwu'?"

"Taurin kanki ne zai mayar da ita hannu wofi!"

"In ya zama haka, zan faɗa mata da bakina."

Na fusata sosai, ban ɓoye ba. Na wanke kwanuka da ƙarfin da har na fasa kofi ɗaya, ita kuwa ko a jikinta, ta koma kan gwangwanayenta.

Alhamis da safe muna karin kumallo, tsohon karenmu ya shigo ya ɗora haɓa a gwiwar Catalina. Ta gutsura masa burodi da man shanu.

"Kakana bai taɓa yarda a ajiye kare a cikin gida ba," in ji ta. "Ba ƙi yake yi ba. Ya ce shi ya gama da kare tun a nan."

"Don me?" Ni ce na tambaya, Dympna na can tana juya cokali, hankalinta ba ya wurin.

"Yana da wata karya ta farautar zomo, tare suke kwana. Ranar da zai tafi suka yi cacar baki da wancan, wancan ya ce masa, kafin ka kai mararraba zan ɗaura mata dutse in jefa ta a tafki. Da ya kai mararraba ya waiwaya, sai ya hango shi yana janye da ita da igiya, sun nufi wajen ruwa. Yana da shekara casa'in yana ba ni labarin nan, hawaye na bin gemunsa. Gonar ma bai cika ambata ba, karyar ce kullum."

Cokalin Dympna ya tsaya.

"Mama, wane launi ce?"

"Ja. Ja wur, in ji shi, babu irinta a duk yankin."

Yayata ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "Lasin! Wayyo ni Dympna, shekara talatin da shida ina yanka shi! Cepta, makulli! Bar kwanukan nan!"

"Lasin me kuma?"

"Na kare! Tashi mana!"

A mota ta yi mana bayani, tana dukan gaban motar da tafin hannu wai in ƙara wuta. Kafin aikin ya dawo gidan waya, akawun kotu ne ke yanka lasin duk watan Maris. Yakan rubuta sunan mai kare, da unguwarsu, da launin karen, da irinsa, mace ne ko namiji. Littattafan nan wuta ba ta ci su ba, an ɗauki hotonsu shafi-shafi, ana iya dubawa a kwamfutar laburare a garin Mullingar. Ta san da su tuntuni, amma ba ta taɓa zaton akwai ranar da za ta nemi mutum ta hanyar karensa ba. Na bi bayan wata tarakta mil biyu ina danna ƙaho, Catalina na kujerar baya tana cewa in wuce shi, in wuce shi, kamar yarinya.

A laburare muka matsu mu uku a gaban kwamfuta guda. Dympna ta buɗe littafin 1874, ta ɗora yatsa a kan gilashin tana bi layi-layi. Karnukan manoma ne duka, na kiwo. Baƙi. Baƙi. Baƙi da fari. Baƙi. Shafi goma sha ɗaya muka wuce, idona har ya fara ruwa, na fara tunanin abin da zan ce in ba a samu ba. Sai yatsan ya tsaya.

"Owen Seery," ta karanta. "Derrygarve. Karya ɗaya. Ja. Ta farauta."

Sannan ta kurma ihu. Matar da ta yi rayuwarta tana ce wa mutane su yi layi su yi shiru ta kurma ihu a laburare, har wani dattijo ya yar da jaridarsa. Na rungume ta, na manta ina fushi da ita. Catalina na buga sanda a ƙasa tana dariya tana kuka. Derrygarve, ba kangon bakin tafkin da na so mu kai ta ba. Da an bi tawa, da mun kai baiwar Allah ta zubar da hawayenta a gidan wasu.

"Mu tafi!" na ce. "Rana na yi."

"Tsaya. Wannan karon sai na duba gaba."

Ta buɗe 1875, shekarar da Owen ya riga ya yi nisa. Ta gangara zuwa Derrygarve. Ta ƙura wa gilashin ido har na zungure ta.

"Bartle Seery," ta karanta a hankali. "Karnuka biyu. Baƙi, na kiwo. Karya, ja, ta farauta."

Catalina ta daina buga sanda. "Wane ne Bartle?"

"Ƙanensa, Mama. Yana cikin littafin baftisma, shekara biyu a bayansa, uwa ɗaya uba ɗaya. Wancan ke nan."

Ta buɗe 1876. Ja, ta farauta. Ta buɗe 1877, haka. Catalina ta fara lanƙwasa yatsu, Dympna na kiran shekaru, ni ina riƙe da bakina. Sai a 1884 aka ga baƙin kare shi kaɗai. Shekara tara.

Tsohuwar ta cire tabarau ta ajiye a cinya. "Bai jefa ta ba."

"Bai jefa ta ba," in ji Dympna. "Ni na san aikin nan, Mama. Manomi mai 'yar gona ba ya ciyar da karyar da ba ta kiwo, balle ya tako mil shida duk shekara ya yankar mata lasin. Sai in akwai wanda yake jira ya dawo ya same ta."

Muka koma mota. Ni kuwa wata damuwar ce ta taso min, domin Derrygarve ba kango ba ne. Fintan Seery na ciki, jikan Bartle, tuzuru ɗan saba'in da huɗu, wanda ya yi imani duk baƙon da ya zo daga ƙetare gonarsa ya zo aunawa. Ya taɓa korar wasu 'yan Kanada da tiyon ruwa.

Muka same shi a tsakar gida da bokiti a hannu, cikin takalmin roba. Ya ƙanƙance ido.

"Ke 'yar gidan waya! Wa kika sake kwaso min?"

"Sannu da aiki, Fintan. Ka ga ka ƙara ƙiba."

"Ban sayar ba, ban bayar ba, babu kuma wanda ke da ko taki ɗaya a nan."

"Wa zai so gonarka, daga ƙaya sai kwaɗi? Tsohon gidan muka zo gani."

"'Yan maruƙa ne a ciki."

"To ai ba cizo suke ba."

Tsohon gidan yana bayan sabon, ɗan gajere, an yi masa rufin kwano, ƙofarsa sai an sunkuya. Catalina ba ta jira sun gama ba. Ta dogara sanda ta ratsa taɓo har gaban Fintan, kanta bai wuce ƙirjinsa ba.

"Bawan Allah, ba gona na zo nema ba. Gafara na zo nema. Mun fi shekara ɗari muna zagin kakanka a kan abin da bai yi ba, da bakin nan nawa ma na zage shi. Yau na ga takarda."

Fintan ya saki baki yana kallonta. Na san abin da ya ji, muryar tsofaffin gidansu ce ke fitowa daga bakin baƙuwa.

"Ke 'yar wace ce?" Muryarsa ta sauka.

"Jikar Owen ce ni. Yayan Bartle, wanda ya tafi."

"Owen?" Ya ajiye bokitin a hankali. "Owen na ƙetare?"

"Ka san shi?" in ji Dympna, har ta yi taku ɗaya gaba. Babu wannan a ko ɗaya daga cikin katunanta.

Ya cire hula, ya murɗa ta a hannu. "Ban san shi ba. Kullum da yamma in mun gama jan carbi, babana yakan ƙara addu'o'in gida, na marasa lafiya, na waɗanda suka rasu. Na ƙarshe shi ne, 'Da Owen na ƙetare, Allah ya dawo da shi lafiya.' Ina yaro na tambaye shi wane ne, ya ce ubansa ne ya fara, kai dai ka faɗa. Baba ya rasu, Inna ta rasu, ni kaɗai na rage a gidan nan." Ya dubi Catalina. "Ko jiya na faɗa."

Na juya baya, don ba na son Fintan Seery ya ga ina kuka. Yayata kuwa ta bar nata suna zuba, ba ta ko share ba. Catalina ta yi taku uku zuwa tsohon gidan, ta ɗora tafin hannu a kan dutsen gefen ƙofar, wanda ya yi sumul saboda hannayen da suka dafa shi. 'Yan maruƙa suka leƙo suna kallonta.

Fintan ya sosa ƙeya, ya dubi Dympna, ya dubi tsohuwar.

"To yanzu yaya zan yi, 'yar uwa? Yau in faɗa, ko in bari?"

"Ka bari, ɗan uwa," in ji Catalina. "Ya dawo."

Ta miƙa masa sandarta ya riƙe, ta sunkuya ta shiga.